Sulen Mulkin Kai

Shekarar da Turawa za su miƙa mulki, shekarata biyu ke nan a ɗakin miji, a unguwar Bolewa ta Potiskum. Maigidana masinja ne a ofishin Di'o, Baturen mulkin yankinmu. Aikinsa ya kai takarda nan, ya karɓo wata can, sauran lokacin kuma ya tsaya a bakin ƙofa da jar hularsa har a kira shi. Gidan da muke ciki na mahaifinsa ne, wanda duk unguwa ke kira Baba, tsoho manomi marar yawan magana. Matarsa ta rasu tun kafin a kawo ni, saboda haka mu uku ne a gidan, sai awakinmu.

Wata rana bayan la'asar, damina ta soma ja da baya, maigidan ya dawo da wani abu ƙulle a hankici. Na kai musu ruwa zaure, ina shirin juyawa ya ce in tsaya in gani. Wasu ƙarafa ne guda biyu masu ƙyalli, girmansu kamar na fataka, wato sule biyu. Gefe ɗaya kan Sarauniya, ɗaya gefen dawaki biyu a tsaye da tsuntsu a bisansu. Ba su da huji a tsaka irin na kwabo, sai wani ɗan kunne a sama inda ake zura zare. Ya ce ba kuɗin kashewa ba ne, abin tunawa ne aka buga saboda ranar mulkin kai. Za a raba wa 'yan makaranta ranar biki, amma ma'aikatan ofis an ba su nasu tun yanzu. Shi ne ya roƙi akawu ya ƙara masa ɗaya don ya kawo wa mahaifinsa.

Baba bai miƙa hannu ba. Ya sa tsinken da yake sakace da shi ya juya ƙarfen a kan tabarma, ya sake juya shi, sa'an nan ya tambaya ko an rubuta sunan waɗanda aka ba. Maigidan ya ce ai duk abin da ya fita daga ofis sai an rubuta.

"To, ɗauke abinka," in ji Baba. "Ni na taɓa ganin Bature ya rataya wa mutane ƙarfe a wuya."

Ban san labarin ba sai a ranar. Lokacin babban yaƙin Turawa an yi ɗiban gwamna a ƙasarmu, aka kwashi maza zuwa haƙar kuza a Jos. Ƙanen Baba yana cikinsu. Baba ya raka shi har inda ake tara su, yana kallo aka rataya wa kowa ɗan ƙarfe mai lamba, aka ce musu ba za su daɗe ba za su dawo. Waɗanda suka dawo sun ce sanyin dutse ne ya kama masa ƙirji. Ko kabarinsa ba wanda ya iya kwatantawa. Baba ya ce tun daga nan ya san Bature ba ya ba da ƙarfe don Allah. In ya ba ka, so yake ya gane ka a cikin taro.

Maigidan ya yi 'yar dariya, irin wadda ɗa yake yi in ba ya son jayayya da ubansa. Ya ce wancan zamani ya wuce, mutanen nan ma haɗa kayansu suke yi. Baba ya ce ai mai haɗa kaya shi ne abin tsoro, don shi ne ke dube-duben abin da zai tafi da shi.

Kafin kasuwa ta zagayo, maganar ta cika gari, har an laƙaba wa abin suna, sulen mulkin kai. Da ma ba a daɗe da fito da sababbin kuɗi ba, mutane ba su gama sakin jiki da su ba. Wasu suka ce wannan shi ne kuɗin gaske, ranar da aka sauke tutar Bature duk tsohon kuɗi zai mutu, wanda ya binne nasa a tukunya ya yi asara. Wasu suka ce alama ce ta waɗanda za a ɗiba soja. Fulanin da ke kwana a kara, wato kasuwar shanu, suka ce dawakin nan ba a banza aka zana su ba, bayan jangalin shanu na doki ne ke tafe. A bakin rijiya kuma wata ta ce ta ji daga majiya mai ƙarfi, duk gidan da abin ya kwana matar gidan ba ta haihuwa. Tana faɗa tana kallon igiyar gugarta, amma na san da ni take, don ga shekara biyu ko ɓatan wata ban taɓa yi ba.

Na dawo gida na buɗe akwatin maigidan, na ɗauko hankicin da bakin zanena na soke shi a jinkar rumbu. Da ya nema bai gani ba, na gaya masa inda yake. Bai yi faɗa ba. Ya je ya ɗauko ya mayar akwati. Washegari na sake fitar da shi. Haka muka yi ta yi.

A kwanakin nan ba ya dawowa da wuri, ana ta shirin biki, kullum jakar fatarsa cike da takardu. Na tambaye shi abin da ke cikinsu, ya ce shi ɗauka kawai yake yi, ba ya karatun Turanci. Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma sai hakan ya fi ba ni tsoro. Na riƙa tunanin mutum yana iya saɓo wuƙar da za a yanka maƙwabcinsa, yana tafe yana gaisawa da jama'a, bai san abin da ke kafaɗarsa ba.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da wata tsohuwa mai ƙosai, 'yar Ngizim, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa tilo. Inna nake ce mata. Tun da aka kawo ni ita ce uwata a unguwar. Ita ta koya mini inda ake samun itace mai araha, kuma ba ta taɓa sauke kasko ba ta miƙo mini ƙosai ta kan katanga ba. Ɗanta saurayi ne da ya fara gemu, yana aiki a kara, ya riƙe wa dillalai igiya, ya kora musu shanu. Yana da wushirya, da wani tabo a damtse inda sa ya taɓa tunkuyinsa. Yaro ne mai son a san da shi. Tun da ya ji labarin abin ya addabi maigidan da roƙo. Wata rana, a ƙofar gida, maza suna zaune bayan sallar la'asar, maigidan ya ce tun da Baba ya ƙi nasa, gara a ba mai so. Ya miƙa masa a gaban kowa. Yaron ya zura zare ya rataya, ya riƙa yawo da shi a kan riga, yara na binsa.

Ranar kasuwa ya fita da safe, bai dawo ba. Washegari ma shiru. Aka duba kara, aka tambayi abokansa, ba wanda ya san inda ya yi. Sai wani ya ce ai a ranar ya ga motar ofis ta bi hanyar Damaturu, an rufe bayanta da tamfol. Wani kuma ya ce ya ji kamar motsin mutane a ciki. Daga nan ba a ƙara neman yaron a ko'ina ba, sai a gidanmu.

Inna ta shigo da hantsi, ba sallama, ta zauna a kan turmi. Idonta ya yi ja amma ba ta kuka. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba.

"Amarya," ta ce, "ki gaya wa mijinki ya dawo mini da ɗana. Ban ce mugu ba ne. Wataƙila shi ma sa shi aka yi."

Na rantse mata bai san komai ba. Ta dube ni ta tambaya ta yaya na sani. Ta tashi ta fita.

Daga ranar ƙosai bai sake tsallako katanga ba. In na isa rijiya hira ta mutu, sai ƙarar guga. Yarinyar da ke zuwa yi mini kitso aka ce ba ta da lafiya, alhali ina jin muryarta a lungu. Maigidan ya ce a masallaci ba wanda ya hana shi sahu, amma da an sallame kowa sai ya tuna yana da uzuri. Ya je ya tambayi direban ofis, aka ce masa benci da itatuwan rumfa motar ta ɗauka. Ya faɗa wa mutane haka, suka ce to, da ma me ake tsammanin direban ofis zai ce.

Abin da ya fi yi masa ciwo a cikin gida ya same shi. Da magariba na kai musu tuwo zaure, na tsaya bayan zana ina jiran kwano. Sun fara ci ke nan sai na ji Baba ya yi gyaran murya.

"Zan tambaye ka abu ɗaya, ka ji tsoron Allah. Ka ba da sunan yaron nan?"

"Ni, Baba?"

"Kai nake tambaya."

"Ban ba da sunan kowa ba."

Baba ya ce to, ya ci gaba da cin tuwonsa. Maigidan ya tsame hannu ya wanke. Da ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya tambaye ni ko ni ma haka nake gani. Na ce a'a. Ya ɗago ya dube ni, na kau da kai. Ban yarda zai cuci kowa da gangan ba, amma ofishin da yake yi wa aiki ban san cikinsa ba, shi ma kuma bai sani ba.

Da kasuwa ta sake zagayowa, wata Bafulatana da ta saba kawo mana nono ta yi sallama. Na yi murna, don na kwana biyu ban ga baƙo a tsakar gidana ba. Ta sauke ƙwarya amma ba ta buɗe faifai ba. Ta waiwaya ta ga ba kowa, ta kwance bakin zanenta, ta buɗe tafin hannu nesa da ni kaɗan, yadda ba zan iya kaiwa ba.

"Matar masinja, an ce daga irin gidajenku wannan abu yake fitowa. Kuɗi ne ko ba kuɗi ba?"

Sulen ne, da dawakinsa da tsuntsunsa. Sai dai an goge kunnen da zarto, wurin ya yi fari. Na ce mata ba kuɗi ba ne, na tambayi inda ta samo shi.

Ta ce waccan kasuwar wani saurayi ya tare ta a bakin kara, ya ce sabuwar fataka ce ta mulkin kai, wadda za ta rage in sauran kuɗi sun mutu. Da ma ta sha jin haka. Ta ba shi man shanu ƙwarya guda, har da canji. Mijinta ya kai wa wani dillali ya duba, dillalin ya yi ta dariya. Mijin ya fusata, ya tsaya a tsakiyar kara ya rantse sai ya ga an ɗaure wanda ya yi masa haka. Ba su san ɗan wane gida ba ne, rana kuma ta yi, suka koma ruga. Na ce ta kwatanta mini shi. Ta ce yana da wushirya, da tabo a damtse.

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka, har na miƙa hannu in karɓa. Ta dunƙule hannunta. Ta ce ta ga na san shi, ashe da gaske daga gidan nan abin ya fito, kuma wa ya sani ko mijina ne ke ba samari su zaga da shi kasuwa a raba riba. Da ƙyar na shawo kanta ta zauna ta jira shi. Ko ruwan da na ba ta ba ta sha ba.

Kafin ya dawo na zaga wurin Inna na gaya mata duk abin da na ji. Tana tankaɗe, ba ta dakata ba. Da na gama ta ce ɗanta bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, bai ishe mu mun sa an tafi da shi ba, yanzu kuma mun sayo bakin 'yar Fulani za mu mai da shi ɓarawo. Ta ce in fita mata daga gida.

Maigidan da ya zo ya saurari Bafulatanar har ƙarshe, ya biya ta man shanunta, ya roƙe ta ta ba mijinta haƙuri a bar maganar. Sai da kuɗin ya shiga hannunta ta ciza, ta buga a kan dutse ta ji ƙararsa, sa'an nan ta ajiye sulen a ƙasa ta ɗauki ƙwaryarta. Ba ta sake kawo mana nono ba.

Shi kuwa ya shiga kara yana tambayar masu kora shanu, waɗanda ba 'yan unguwa ba, ba ruwansu da tsegumin da ake yi. Wani ya ce ya ga mai irin kamannin a Damagum, yana ɗebo wa wata mai tuwo ruwa a inda motoci ke tsayawa. Maigidan ya nemi izini a ofis, ya hau kekensa tun da asuba.

Daga baya ya ba ni labarin yadda suka yi. Yaron yana hango jar hula ya yar da garwa ya ruga, yana tsammanin da 'yan doka aka zo. Sai da mai tuwon ta bi shi ta rantse masa mutum ɗaya ne. Ya rame, rigarsa ta yage. Ya ce yana cikin kara ranar da Bafulatanin yake rantsuwa, a bayan wata saniya ya laɓe yana ji, daga nan bai ko biya gida ba. Ya ce ba zai koma Potiskum a riƙa nuna shi da baki ba, gara ya mutu a can. Maigidan ya ce masa an biya, magana ta mutu, kuma ya yi masa alkawari ba wanda zai ji zancen man shanu daga bakinsa. Da haka ya yarda. Suka ɗora keken a kan wata motar gyaɗa suka dawo da yamma.

Ina jin lokacin da Inna ta gan shi, don sai a ranar ta yi kuka. Na zaci gobe za ta shigo, ko da ba ta ce komai ba. Ba ta shigo ba. Unguwa kuwa ta cika gidanta ana barka, ana tambayar yaron ina aka kai shi. Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai Allah ya kuɓutar da shi. Mutane suka haɗa sauran da kansu. Suka ce ai ga shi nan, da surutu ya yi yawa ofis ya ji tsoro ya sake shi, kuma wanda ya san inda aka kai shi ne ya je ya ɗauko shi. In ba haka ba, ta yaya duk gari aka rasa inda yake sai masinja kaɗai?

Na ce wa maigidan ya fito ya faɗi gaskiya, ga sulen da aka goge wa kunne shaida. Ya ce ya riga ya yi alkawari, kuma yaro ne da ko aure bai yi ba, in aka kira shi ɓarawo yau har ya tsufa sunan yana nan. Ya hana ni ma faɗa. Baba kaɗai ya gaya wa. Baba ya saurara, ya ce alhamdu lillahi. Can kuma ya tambaya, ita motar da aka rufe da tamfol, shi da idonsa ya ga abin da ke ciki? Maigidan ya ce a'a. Baba ya gyaɗa kai. Sun ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya har Allah ya yi wa Baba rasuwa, amma ban ƙara jin maigidan ya kawo zancen ofis a zaure ba.

Ranar biki maigidan ya rataya nasa, amma ta cikin riga. Baba ya ɗauki magirbinsa ya tafi gona. Na ji an raba wa 'yan makaranta nasu a fili ana kiɗa, kuma da yawa daga cikinsu a ƙofar gida iyaye suka tare su suka cire, wasu aka jefa a kududdufi. Ba a ɗebi kowa soja ba, kuɗi bai mutu ba, ba kuma wanda ya zo ya ce mana ya yi kuskure. Mutane suka dawo gaisawa da mu a hankali, kamar yadda ake komawa hanyar da aka taɓa ganin maciji. Inna ta soma amsa gaisuwata bayan girbi, daga nesa. Ni na san ta san gaskiya, don ɗanta ne, amma har ta bar duniya ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Bayan shekaru masu yawa, maigidan ya riga ya rasu, na je tasha zan tafi Fika biki. Ana jiran mota ta cika, direban yana zaune a kan benci samari sun kewaye shi. Ashe ɗan Inna ne. Ya yi furfura, ya yi tumbi, amma wushiryar tana nan. Yana ba su labarin yadda Turawa, suna gab da tafiya, suka rataya masa ƙarfe a wuya suka jefa shi a mota da wasu mutane, aka rufe su da tamfol. Ya kai inda motar ta wuce Damagum ke nan muka haɗa ido.

Ya miƙe ya cire hula, ya rusuna ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya ko da yake an daɗe da yin rasuwar. Ya ɗauki ƙunshina da kansa, ya sauke wani daga gidan gaba ya zaunar da ni. Da na miƙa kuɗin mota ya ce haba Yaya, ya hana yaron motarsa karɓa.

Mun fita gari muna tafe, wani saurayi daga baya ya leƙo ya ce direba bai ƙarasa musu ba, ta yaya ya kuɓuta? Idonsa na kan hanya. Ni ma hanyar nake kallo.

"Wani bawan Allah ne ya je ya dawo da ni," in ji shi. "Allah ya jiƙansa."

Na ce amin.